Yadda ake gano matsalar wutar DC a layin pano, a kuma gyara ta lafiya

Tun da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta na 2023, rufin gidajen Damagaram ya cika da pano, daga Birni har Sabon Gari. Masu garka a wajen Mirriya da Matamaye su ma sun koma tayar da furaji da rana. Ga shi yanzu kayan sun fara tsufa, tambayar da ke zo mini kusan kullum kuwa iri ɗaya ce: ondilar, wato na'urar da ke juya wutar pano ta zama irin ta gida, na kuka, ta rubuta ISO ko Riso, alamar wuta na zubewa daga waya, ko ruwa ya ragu a shato alhali rana na nan tsaka, daga ina za a fara?

Abin da ya sa nake ɗaukar tambayar da nauyi shi ne, solar yanzu ba irin ta da ba ce, ta pano ɗaya da batirin mota. Pano mai wat 550 yana ba da kusan bolt 50 in ba a ɗora masa kaya ba. Ka jera goma a layi ɗaya, kana da kusan bolt 500. Injin furaji mai bolt 380 kuwa, layinsa yakan wuce bolt 600. Wutar NIGELEC, wato AC, tana kai da komo, tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, shi ya sa tartsatsinta kan mutu da kansa. Wutar DC, wadda masu gyara ke ce wa kontini, hanya ɗaya take bi. In ta buɗe harshe tsakanin waya biyu sai ta tsaya tana ci kamar wutar mai walda, muddin akwai rana a kan pano.

Mai gida na iya yin mataki na 1 da na 2 da kansa. Daga na 3 zuwa gaba aikin wanda ya koyi lantarki ne.

Kayan da za ka ɗauka

Miltimetir wanda aka rubuta CAT III 1000 V a jikinsa, da igiyoyin da ba su tsage ba. Ƙaramin nan rawaya na jika biyu ko uku, bar shi ga gwada batirin tocila. Sai ma'aunin amper mai baki kamar na ƙaguwa, amma ka duba da kyau yana auna DC, don da yawa cikin na kasuwa AC kaɗai suka sani. Sai megometir, ma'aunin da ke gwada ko rigar waya na riƙe wuta, mai iya tura bolt 500 da 1000. Sai safar hannu ta lantarki aji 0, da tabarau, da mabuɗin MC4 guda biyu (MC4 shi ne kan da ake haɗa wayoyin pano da shi), da matsin MC4 na ainihi, da turnabis mai rufaffen hannu. Kada ka manta littafi da biro. Da mutum na biyu, wanda ya san inda makunni yake. Ba a hawa rufi a yi wannan aiki mutum shi kaɗai.

1. Tambayi mai gida, karanta allon ondilar

Kafin ka buɗe jaka, zauna ka yi tambaya. Yaushe abin ya fara? Da safe ne kawai, ko duk wuni? An yi ruwa ko iska mai ƙura kwanan nan? An ƙara pano? Wani ya taɓa wayoyin?

Tambayar ƙarshen nan a yi ta da lallashi. In ka ce wa mutum “Alhaji, wa ya taɓa?” zai ce babu kowa. In ka ce “Alhaji, yaron da ya zo wanke pano ranar nan, ta wane gefe ya hau?” sai ka ji labari.

Sannan ka ɗauki hoton allon ondilar kafin a kashe ta, ka rubuta lambar kuskuren, ka duba ma'anarta a littafin na'urar, don kowane kamfani da lambobinsa. Matsalolin ɓangaren DC dai ba sa wuce gida huɗu. Ko wuta na zubewa zuwa ƙarfe, abin da muke cewa “akwai mas”. Ko layi ya yanke, babu wuta sam. Ko layi na aiki amma ya yi rauni. Ko wani haɗi na zafi yana tartsatsi, wanda ondilar mai AFCI, wato mai gane tartsatsi, kan gane ta tsaya.

Gargaɗi: in ondilar ta ce akwai mas, ka ɗauka ƙarfen da ke riƙe da pano da kwanon rufin duk suna da wuta, har sai ma'auni ya ƙaryata. A hana yara da dabbobi zuwa wurin.

2. Duba da ido da hanci

Zagaya ba tare da ka taɓa komai ba. Warin roba da ta ƙone, baƙin hayaƙi a bakin akwatin haɗi, waya da ke reto tana gogar bakin kwano, gilashin pano da ya tsage, kashin tantabara da ya daskare a wuri ɗaya, inuwar dogon yaro da ya yi tsawo tun bayan da aka kafa kayan. Inda waya ta bi ta ƙasa, nemi aikin gara da ɓera. A garka, awaki na tauna waya. A cikin akwati kuwa, ƙadangare na shiga neman inuwa ya haɗa kai biyu da jikinsa.

Duba ƴar tagar parafudur, ƙaramar na'urar da ke kare kaya daga wutar tsawa. Kore na nufin lafiya, ja na nufin ya mutu. Parafudur da tsawa ta kashe yakan iya zama shi ne mas ɗin da ake nema.

3. Kashe wuta bisa tsari

Nan ne mutane suka fi ƙonewa, don haka zan tsaya a kansa.

Fara da tsayar da ondilar ko na'urar famfo ta makunninta, kaya ya sauka. Sannan disjonkter na AC. Sannan makunnin DC na pano. Batir a ƙarshe, in akwai. Jira minti 5, ko abin da aka rubuta a jikin na'urar in ya fi haka, don kondansaterin da ke ciki suna riƙe da wuta bayan an kashe.

Yanzu ɗauki ma'aunin amper, mayar da shi sifili, ka maƙala shi a kowace wayar layi, ɗaya bayan ɗaya. Sai ka ga sifili za ka cire fizibil ko ka zare MC4. Dalilin a fili yake: MC4 da gidan fizibil ba makunni ba ne, in ka raba su wuta na gudu, harshen walda ne zai fito a tafin hannunka.

Gargaɗi: in ka kashe komai amma ma'auni na nuna amper na gudu, to wutar ta sami wata hanya. Ko dai mas ne a wuri biyu, ko an haɗa wani layi a juye, ko layi ɗaya na zuba wuta cikin ɗan'uwansa. Kada ka zare komai. Jira har rana ta faɗi, amper ya sauka ƙasa da 0.5, sannan ka raba. Mai gida zai yi gunaguni a kan firijinsa, ka ba shi haƙuri.

Gargaɗi na biyu: kashe makunni ba ya kashe pano. Daga rufi zuwa makunni, bolt ɗin na nan cif. Rufe pano da tampol yana rage wutar, amma iska na ɗaga tampol, haske kaɗan kuma ya isa ya dawo da bolt. Ni ban yarda da tampol ba, da ma'auni na yarda.

Kafin ka gaskata sifilin da miltimetir ya nuna maka, gwada shi a kan abin da ka san yana da wuta. Ma'aunin da ya lalace shi ma yana iya nuna sifili.

4. Raba layuka, auna bolt na kowanne

Raba kowane layi daga ƴan'uwansa, kan + da kan − duka biyu. In ka bar kai ɗaya a haɗe, layin da ke da lafiya zai ɗauki laifin mara lafiya. Sa wa kowanne lamba.

Je ka karanta takardar da ke manne a bayan pano. Lambobi uku kake so: Voc, wato bolt ɗin pano in babu kaya a kai, Isc, wato amper ɗinsa in an haɗe + da −, da iyakar fizibil. An auna Voc ne da zafin digiri 25, pano kuwa a kan rufin Damagaram cikin watan Afrilu yakan kai digiri 60 zuwa 70. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, bolt na raguwa da kusan kashi 0.3 cikin 100. Saboda haka pano mai Voc 50 zai nuna maka kusan 45 da azahar, layi mai goma ya ba ka kusan 450. Wannan ba cuta ba ce. Na sha ganin an sauke pano lafiyayye an ce ya mutu, don mai gyara bai yi wannan lissafi ba. Da sanyin safiyar hunturu kuma lissafin juyawa yake, bolt na hawa sama da na takarda, wanda ya cika layi har bakin iyakar ondilar a ranar nan yake gane kurensa.

Sa miltimetir a kan DC 1000, auna tsakanin + da − na kowane layi, ka rubuta. Layuka masu yawan pano ɗaya, da ke kallon gefe ɗaya, bai kamata bambancinsu ya wuce kashi 5 cikin 100 ba. Ga yadda ake karanta abin da ya fito.

In sifili ne ko lamba mai rawa kusa da sifili, layin ya yanke: MC4 ya zare ko ya ƙone, ko waya ta katse. In ya gaza da kusan 15, zargi diyod. Mafi yawan pano suna da diyod 3 a ɗan akwatin bayansu, kowanne na tsaron kashi ɗaya cikin uku, in ɗaya ya haɗe kashin nan ya fita daga lissafi. In ya gaza da 45, an tsallake pano ɗaya wajen haɗawa, ko ya mutu. In ya gaza da 90, akwai pano ɗaya da aka haɗa a juye, ya ci nasa ya ci na maƙwabcinsa. In alamar − ta fito gaban lambar, layin gaba ɗaya a juye yake.

Gargaɗi: duba ramin da igiyar ja take kafin ka auna. In tana ramin 10 A ka ɗora ta a kan bolt 450, ka haɗa layin ne ta cikin ma'aunin da ke hannunka. Kada ka auna amper na layi ta wannan rami ko da gangan.

5. Gano inda wuta ke zubewa

Wannan shi ne gwajin da ya fi kowanne amfani, kuma miltimetir kaɗai yake so. Layi a rabe, safar hannu a sanye, yi awo uku: daga + zuwa −, daga + zuwa ƙarfen da ke riƙe da pano, daga − zuwa ƙarfen nan.

Na ce ƙarfe, ban ce ƙasa ba. Garinmu a kan dutse yake, ƙasar rani kuma busasshiya ce, sandar da aka kafa sau da yawa ba ta kama ƙasa yadda ya kamata. Nemi wurin da babu fenti ko tsatsa a jikin ƙarfen, ko sandar haɗin ter, wato wayar da ke haɗa ƙarfe da ƙasa, da ke cikin akwati, in ka tabbata wayarta ta kai rufi.

A layi lafiyayye, lambar da ke tsakanin waya da ƙarfe takan fara da ɗan yawa, sai ta riƙa sauka a hankali tana neman sifili. Ka jira daƙiƙa 20 ko 30. In ta tsaya cak ba ta sauka, akwai mas. Ga abin daɗin: lambar ita za ta faɗa maka wurin.

A ce layin pano goma ne, + zuwa − ya ba da 450, wato kowane pano 45. Daga + zuwa ƙarfe ka sami 135, daga − zuwa ƙarfe ka sami 315. Haɗa su, sun ba da 450, awon ya yi daidai. Raba 135 da 45, ka sami 3. Ƙirga pano uku daga kan +, raunin yana tsakanin na uku da na huɗu. Je ka ɗaga wayar wurin, galibi za ka tarar maƙallin ƙarfe ya danne ta, ko ta kwanta a kan bakin kwano ya yanke rigarta.

In rabon bai fito cif ba, misali ka sami 160, wato uku da rabi, raunin na cikin pano na huɗu kansa: gilashi ya tsage, ko farar ledar baya ta yage, ko ruwa ya shiga akwatin diyod. In kai ɗaya ya nuna sifili ɗayan ya nuna 450, pano ba su da laifi, doguwar wayar da ke saukowa daga kan mai sifilin ce ta ji rauni. Bi ta taku-taku, musamman inda ta huda kwano ko ta shiga bango.

Wannan lissafi yana aiki ne in raunin wuri ɗaya ne kuma ya kama sosai. In lambobin biyu ba su haɗu sun ba da jimla ba, wuce mataki na 6.

Abin da ya faru a wata garka kan hanyar Magarya shi ya sa na riƙe wannan gwaji. Na'urar famfo na tsayawa kowace safiya, ta tashi da hantsi. An riga an ce wa mai garkar ya sayi sabuwa. Yaron da ke tare da ni ya ce, “Maigida, tun da da rana tana aiki, ai ba waya ba ce.” Muka dawo washegari bayan sallar asuba, muka jira rana ta ɗan ɗaga, raɓa ba ta bushe ba, muka auna. MC4 guda ɗaya ne ke kwance cikin kwarin ƙarfe inda ruwa ke taruwa.

6. Megometir, da raba layi biyu-biyu

Rauni mai ɓuya, wanda ke fitowa da damina ko da raɓa ya ɓace da rana, sai megometir. Kafin ka danna shi, tabbatar layin ba ya haɗe da ondilar, ba ya haɗe da regilater mai daidaita cajin batir, ka kuma zare parafudur. Bolt ɗin gwaji na lalata na'ura, parafudur kuma zai sha wutar gwajin ya ba ka lambar ƙarya.

Ƙa'idar duniya ta gwajin kayan sola, IEC 62446, ta tsara abin haka: layin da bai kai bolt 120 ba, a gwada da 250, kada ya gaza megohm 0.5. Daga 120 zuwa 500, a gwada da 500. Daga 500 zuwa 1000, a gwada da 1000. A waɗannan biyun, kada ya gaza megohm 1. Wannan iyakar ƙasa ce. Layi ɗaya lafiyayye a busasshiyar rana yakan ba da goma-goma ko ɗaruruwa, don haka in ƴan'uwansa na ba da 200 shi yana ba da 3, ya ci jarrabawa a takarda amma shi ne mara lafiyar.

Auna daga + zuwa ƙarfe, sannan daga − zuwa ƙarfe. In ka sami layin da ya faɗi, kada ka kwance pano ɗaya-ɗaya daga farko. Raba shi a tsakiya, biyar nan biyar can, gwada kowane rabi. Rabin da ya faɗi, sake raba shi. Layi mai pano 16, rabo huɗu ya kai ka kan mai laifin. Ribar ta biyu ita ce, duk rabon da ka yi bolt ɗin da ke gabanka ya ragu da rabi.

In rani ne kuma raunin ya ƙi fitowa, fesa ruwa da ƙaramar feshi a bayan pano da haɗe-haɗe, sashe-sashe, kana awo. A yi haka da safe, gilashi bai yi zafi ba, mai fesa yana sanye da safar hannu, ba ya taɓa ƙarfe.

Gargaɗi: bayan kowane gwaji bar igiyoyin megometir a maƙale ƴan daƙiƙai ya sauke wutar da ya tura, kafin ka kai hannu.

Mai furaji ya ƙara gwaji ɗaya. Cire wayoyin injin daga na'urar famfo, auna ohm tsakanin wayoyin uku biyu-biyu da miltimetir, ya kamata su zo kusan daidai. Sannan megometir a kan 500 daga kowace zuwa wayar ter. Haɗin da ke cikin ruwa, inda wayar injin ta gamu da doguwar waya, shi ne wurin da ya fi yawan yoyo. Kada ka taɓa tura megometir cikin na'urar kanta.



       

7. Layi mai rauni: auna amper yana aiki

In bolt ya yi daidai, babu mas, amma ruwa ko caji ya ragu, to mayar da haɗi bisa tsarin mataki na 9, ka bar kayan su yi aiki. Tsakanin ƙarfe 11 da 2, sama a washe, maƙala ma'aunin amper a waya ɗaya ta kowane layi. Yi sauri tsakanin awo da awo kada gajimare ya ruɗe ka. Tabbatar kuma akwai kaya a kai, don in batir ya cika ondilar kan rage ja da kanta.

In duk layukan sun sauka tare, ƙura ce. Hazon hunturu na iya rufe gilashi cikin kwanaki kaɗan. A wanke da safe ko da yamma, da ruwa da tsumma mai laushi. In layi ɗaya ne sifili alhali bolt ɗinsa lafiya, fizibil ɗinsa ya tafi. In ɗaya ne ya gaza ƴan'uwansa, nemi inuwa, kashin tsuntsu, ko haɗin da ya saki. Ma'aunin zafi mai kamar bindiga na taimakawa a nan: haska kowane MC4 da kowane dunƙulen waya a akwati, wanda ya fi maƙwabtansa zafi a fili shi ne zai kama wuta gobe.

8. Gyara

MC4 da ya ƙone ko ya narke, yanke namiji da macen duka, ka sa sabbi na kamfani ɗaya. Na kamfani biyu sukan shiga juna, amma ba sa kama juna daidai, zafi na farawa daga nan. Matse da matsin MC4, ba da filaya ba. Tura ƙarfen har ka ji ƙas, ja shi ka ga bai fito ba, ɗaure murfin baya da mabuɗi. Sannan ɗaga shi daga kan kwano ka ɗaure a ƙarƙashin pano.

Wayar da rigarta ta yage, a sauya tsawon gaba ɗaya, ko a yanke a haɗa da MC4. Murɗa waya a naɗe da sikoci ba ya shekara a ranar Damagaram. Wayar sola ita ce mai riga biyu, da H1Z2Z2-K a rubuce a jikinta, mai kauri 4 ko 6. Inda za ta ratsa kwano, sa mata bututu. Ja + da − kusa da juna, don in ka ware su suka yi babban zobe, tsawar da ta faɗi nesa ma tana iya tura musu wuta.

Fizibil kuwa sai mai gPV da 1000 V DC a jikinsa. Girmansa ya kama daga ninki 1.5 zuwa 2.4 na Isc, kada kuma ya wuce iyakar da ke takardar pano. Ga pano mai Isc 14 da iyaka 25, na amper 25 ne. Layi uku ko fiye a haɗe gefe da gefe, wato + da +, − da −, kowanne sai da nasa. Wanda ya naɗa zaren tagulla a gidan fizibil ya mayar da rufin gidan ne fizibil.

Disjonkter ya zama na DC, bolt ɗinsa ya fi na layin. Wasu suna da alamar + da −, in aka juya su suna aiki lafiya har ranar da aka kashe su da kaya a kai, a nan suke kamawa.

Pano mai tsagaggen gilashi da ya faɗi gwajin megometir, a fitar da shi. Ana iya tsallake shi na ɗan lokaci in layin shi kaɗai ne a ƙofar da yake shiga ondilar kuma bolt ɗin da ya rage ya isa ondilar ta tashi. In yana gefe da gefe da wani layi, kada a bar ɗaya goma ɗaya tara.

Gargaɗi: akwai masu shiga saitin ondilar su kashe gwajin mas, ko su cire wayar ter, don kukan ya tsaya. Kukan zai tsaya, raunin na nan, ranar da na biyu ya zo wutar za ta zagaya ta cikin ƙarfe, babu abin da zai yanke ta.

9. Mayar da wuta

Sake awon mataki na 4 da na 6 a kan layin da ka gyara. Duba + da − na kowane layi a bakin akwati kafin ka haɗa, da ma'auni, ba da launin waya ba. Makunnin DC na kashe, mayar da MC4, da fizibil, da parafudur, rufe akwati. A regilater da ondilar mai batir, batir ake fara kunnawa, sannan pano, sannan kaya. Sauran na'urori, bi littafinsu. Tsaya rabin awa kana kallon allo, ka sake haska haɗin da ka yi.

Rubuta bolt, amper da megohm na kowane layi, da kwanan wata da lokaci, ka manna a cikin murfin akwatin. Wanda zai zo bayanka, ko kai kanka baɗi, da wannan takarda zai kwatanta.

Maganar kuɗi

Mafi yawan kayan nan ta hanyar Kano suke shigowa, farashinsu na bin canjin naira da halin iyaka, saboda haka a tambayi shago biyu ko uku. Amma tsarin tsadarsu ba ya sauyawa. MC4 da fizibil su ne na ƙasa, biyun MC4 ba su kai jika biyu ba. Sai parafudur da waya, sai disjonkter na DC, sai pano. Ondilar ta kilowat 5 kuwa maganar ɗaruruwan jika ce. Mai gida, in an ce maka ondilar ce ta mutu, nemi a nuna maka lambobin mataki na 4 da na 5 a rubuce tukuna.

Mai gyara kuma ya raba kuɗin bincike da kuɗin gyara, ya faɗa tun a waya. Binciken gida mai layi biyu yakan ci awa biyu, raunin raɓa kuma zuwa biyu yake so. Megometir ne kayan da ya fi tsada a jakar, mutum uku na iya haɗa kuɗi su saya su riƙa karɓa-karɓa. A jaka a riƙa ajiye MC4 biyu-biyu har goma, fizibil huɗu, da waya mita 20, don tafiya Tanut ko Gure a dawo saboda fizibil ɗaya ta fi fizibil ɗin tsada nesa ba kusa ba.

In wuta ta kama, ko ta riƙe mutum

Kashe duk makunnin da za ka iya kaiwa ba tare da ka kusanci wutar ba, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, a faɗa musu akwai pano a rufin. Kada a watsa ruwa da bokiti. Tukunyar kashe gobara ta hoda ko ta CO2, ko busasshen rairayi, su ne na wutar akwati. In wuta ta riƙe mutum, kada ka kama shi da hannu, ture shi da busasshen itace kana tsaye a busasshen wuri. In ba ya numfashi a fara danna ƙirji nan take. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi babban asibitin Zinder ko likitar da ta fi kusa a duba zuciyarsa a ranar, don ƙunar wutar lantarki ta ciki takan fi abin da ake gani a fata.